Daga Kurkukun Marshalsea zuwa Wasiƙar Barazana: Tarihin Bin Bashi a Ingila

A ranar 20 ga Fabrairun 1824 aka shigar da wani akawu na ofishin biyan albashin sojojin ruwan Ingila, mai suna John Dickens, kurkukun Marshalsea da ke unguwar Southwark a kudancin birnin Landan. Laifinsa shi ne wani mai gidan burodi yana bin sa fam 40 da sule 10, ya kasa biya. Kafin a kai ga haka, littattafansa da kayan ɗakinsa sun riga sun tafi shagon masu karɓar jingina ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan makonni matarsa da ƙananan 'ya'yansa suka tare a ɗakinsa na kurkuku, domin babu sauran kuɗin haya. Ɗansa Charles, mai shekara 12, yana can wata masana'antar man takalmi yana liƙa takardu a jikin kwalabe a kan sule 6 a mako. A ƙarshen watan Mayu aka saki uban, bayan ya bayyana wa kotu duk abin da ya mallaka, aka kuma ƙiyasta har tufafin da ke jikin iyalinsa domin a tabbatar ba su haura fam 20 ba.

Yaron nan shi ne ya zama Charles Dickens, kuma littafinsa Little Dorrit ya sa sunan Marshalsea ya daɗe a bakin jama'a bayan an rufe kurkukun a 1842. A yau ba a ɗaure mutum a Ingila saboda bashin burodi ko na banki. Abin da ya rage shi ne wasiƙa: kamfanin da ya sayi wani tsohon bashi da araha ya rubuto wa mutum cewa in bai biya ba za a turo masa belif, wato jami'in kotu mai kama kaya, ko kuma a nemi kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Mutane da yawa, ciki har da baƙi mazauna ƙasar, sukan biya don tsoro. Amma kowace daga cikin barazanar nan biyu tana da iyakar da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana shatawa, kuma akwai abu na uku da wasiƙar ba ta cika ambata ba, wato wa'adin da doka ta yanka wa bashi.

Belif da ƙofar gida

Kama kayan wanda ake bi bashi ya girmi kurkukun bashi. A Ingila ta zamanin da, mai ƙasa yakan kora shanun manomin da bai biya hakkin gona ba, ya tsare su har sai an biya. Abin ya yi yawa har ya zama hanyar zalunci tsakanin manyan masu ƙasa, saboda haka Dokar Marlborough ta 1267, a zamanin Sarki Henry na Uku, ta ce kamen ya kasance daidai da girman bashin, kada a kora dabbobin zuwa wata gunduma, kada kuma a yi kame a kan babbar hanyar sarki. Wasu sassan wannan doka suna cikin mafi tsufan dokokin da ba a soke ba a Ingila.

Iyaka mafi muhimmanci ta zo ne a 1604, a shari'ar da ake kira ta Semayne, wadda masanin shari'a Edward Coke ya rubuta bayaninta. Wani mai bin bashi ya kai ƙarar mutumin da ya rufe ƙofarsa ya hana jami'in kotu shiga ya kwashe kayan wani mamaci da ke cikin gidan. Alƙalai suka yanke cewa gidan mutum mafakarsa ce, kuma a ƙarar da talaka ya shigar a kan talaka ɗan'uwansa jami'in kotu ba shi da ikon fasa ƙofar waje. In ya tarar da ita a buɗe, yana iya shiga. In lamarin na sarki ne, yana iya fasawa bayan ya nemi a buɗe an ƙi.

Wannan hukunci ya haifar da wani irin zama tsakanin belif da wanda ake bi. Mutum yakan kulle kansa a gida kwana shida, ya fito ranar Lahadi, domin wata doka ta 1677 ta hana kai sammaci ko kama mutum saboda bashi a wannan rana. Belif kuwa yakan yi shigar mai kawo saƙo ko ɗan dako don a buɗe masa. Akwai kuma unguwannin da jami'an kotu ba sa iya takawa, irin su Whitefriars da Mint a Landan, inda mazauna kan taru su lakaɗa wa duk belif ɗin da ya yi gangancin shiga duka. Majalisa ta soke wannan gata a 1697, amma sai a 1723 aka iya murƙushe na unguwar Mint. Masu hali kuwa sukan tsallaka ruwa. Beau Brummell, wanda ya yi suna a ado kuma abokin yarima ne a da, ya gudu Calais ta Faransa a 1816, bai sake komawa Ingila ba har ya mutu.

Jikin mutum a matsayin jingina

Ɗaure mutum saboda bashi ya samu gindin zama ne ta hanyar kasuwanci. Sarki Edward na Ɗaya yana son fataken ƙasashen waje su ci gaba da kawo haja, su kuwa suna kukan cewa ba su da hanyar karɓar kuɗinsu. Dokokin 1283 da 1285 suka ba ɗan kasuwa damar sa a kama wanda ya amsa bashi a gaban hukuma ya kuma saɓa ranar biya. A tsakiyar ƙarni na 14 aka faɗaɗa abin ya shafi bashi gaba ɗaya. Daga baya har ya kai ana iya kama mutum tun kafin a yi shari'a, da zarar mai bin bashi ya rantse cewa yana bin sa wani adadi.

Wanda aka kama ba kai tsaye ake wucewa da shi kurkuku ba. Belif yakan fara kai shi wani gida nasa da Turawa suka yi wa laƙabi da gidan soso, domin a can ake matse shi kamar soso: kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, kuɗin takarda da alƙalamin da zai rubuta wa dangi su kawo ɗauki. In babu wanda ya zo, sai kurkuku. Su kansu kurkukun kasuwanci ne. Ana sayen muƙamin yari da kuɗi, shi kuma ya fanshe a jikin fursunoni. Akwai ɓangaren masu iya biyan hayar ɗaki, akwai na talakawa inda ake cusa mutane da yawa a ɗaki guda, suna rayuwa a kan sadaka. A kurkukun Fleet har taga aka yi mai ƙarafa a jikin bango, inda fursunoni ke miƙo akwati suna bara ga masu wucewa. Sakamakon haka shi ne bashi yana ƙaruwa a kurkuku, mutumin da zai yi aiki ya biya kuma yana kulle.

A 1728 Thomas Bambridge ya sayi muƙamin yarin Fleet, wanda aka yi cinikinsa a kan fam 5,000. Cikin waɗanda suka faɗa hannunsa akwai Robert Castell, masanin zanen gine-gine. Da Castell ya gaji da biyan kuɗin da ake tatsa, aka mayar da shi wani gidan soso da cutar agana ta ɓulla a cikinsa, duk da roƙon da ya yi cewa bai taɓa yin ta ba. Ya kamu, ya mutu. Abokinsa James Oglethorpe ɗan majalisa ne, ya sa aka kafa kwamitin bincike a 1729. Kwamitin ya tarar da mari da sarƙa da kayan azabtarwa, ya kuma tarar ana mutuwa da yunwa a ɓangaren talakawa na Marshalsea. An gurfanar da Bambridge da laifin kisa, aka wanke shi, amma ya rasa muƙaminsa. Tsarin kansa ya ƙara shekara 140 yana aiki.

Karayar arziki: daga laifi zuwa gata

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta samo asali ne daga Italiyanci, ma'anarta karyayyen benci, wato teburin ɗan canjin da ya kasa biya. Bahaushe ma cewa yake yi ɗan kasuwa ya karye. Dokar farko a Ingila ta fito a 1542, zamanin Henry na Takwas, kuma ta ɗauki wanda ya karye a matsayin mai laifin da ya ci dukiyar mutane ya gudu ko ya ɓuya a gida. Sabon abin da ta kawo shi ne a tattara dukiyarsa a raba wa masu bin sa gwargwadon abin da kowa ke bi, maimakon wanda ya riga zuwa ya kwashe duka. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya aka taƙaita dokar ga 'yan kasuwa. A zamanin James na Ɗaya aka ƙara cewa wanda ya ɓoye dukiya a sa shi a turu a bainar jama'a, a yanke masa kunne ɗaya.

Juyin ya zo da dokar 1705, zamanin Sarauniya Anne. Yaƙe-yaƙe da haɗuran teku sun nuna cewa ɗan kasuwa mai gaskiya ma yana iya wayar gari ba shi da komai. Daniel Defoe, wanda ya karye a 1692 da bashin kimanin fam 17,000, yana cikin masu rubutu a kan haka. Dokar ta ce wanda ya miƙa duk abin da ya mallaka, ya kuma ba da haɗin kai, ana iya yafe masa ragowar bashin ya sake sabon lale. Wanda ya ɓoye dukiya kuwa hukuncinsa kisa ne, kuma an zartar: a 1761 an rataye wani ɗan kasuwar yadi mai suna John Perrott a Smithfield saboda haka.

Daga nan sai karayar arziki ta zama gata. Ɗan kasuwan da ake bi dubbai yana iya fita fes, akawu ko tela ko malamin makaranta da ake bi fam 40 kuwa sai kurkuku, domin doka ba ta lissafa shi cikin 'yan kasuwa ba. A 1813 aka kafa kotu ta musamman da za ta saki irin waɗannan in sun miƙa kayansu, kuma ta wannan ƙofa John Dickens ya fita. Sai dai sakin jiki ne kawai: duk abin da mutum ya samu daga baya, masu bin sa suna da hakki a ciki. A 1838 aka hana kama mutum kafin shari'a, a 1861 aka buɗe ƙofar karayar arziki ga wanda ba ɗan kasuwa ba, sannan Dokar Masu Cin Bashi ta 1869 ta soke ɗauri saboda bashi.

Sokewar ba ta cika ba. Dokar ta bar wa alƙali ikon ɗaure mutum har mako shida in ya gamsu cewa yana da halin biya ya ƙi. A ƙananan kotunan gunduma, waɗanda aka kafa a 1846, wannan ya zama sandar dukan lebura da ma'aikacin masana'anta, aka ci gaba da tura dubbansu gidan yari kowace shekara a kan bashin kanti da na masu tallar kaya gida-gida. Sai da dokar 1970 ta zo aka rufe wannan hanya ga bashin kasuwa, aka maye gurbinta da yanka daga albashi. Wannan doka ce kuma ta mai da takura wa wanda ake bi, ta hanyar tsoratarwa ko kunyatarwa ko yin ƙaryar cewa takarda daga kotu take, laifi a gaban shari'a. Har yanzu ana iya ɗaure mutum a Ingila in ya ƙi biyan harajin ƙaramar hukuma da gangan, ko tarar kotu, ko kuɗin ciyar da 'ya'ya.

Shekara shida

A 1623 majalisa ta yi dokar da ta ce duk mai ƙarar bashi na yarjejeniya ta yau da kullum ya shigar da ita cikin shekara shida. Dalilan a fili suke: shaidu suna mutuwa, rasiɗai suna ɓata, kuma wanda ya yi barci a kan hakkinsa tsawon wannan lokaci bai kamata ya farka ya afka wa mutum ba. Alƙalai ba su so dokar sosai ba, sai suka buɗe mata kafa: in wanda ake bi ya amsa cewa ana bin sa, lissafi ya koma farko. Nan da nan masu bin bashi suka koyi tare mutum a hanya da shaida a gefe, su ja shi da magana har ya furta abin da za a fassara da amsawa. Dokar 1828, wadda ake danganta wa Alƙali Tenterden, ta toshe wannan da cewa amsawar sai ta kasance a rubuce da sa hannu.

Dokar wa'adi ta 1980, wadda ke aiki a Ingila da Wales a yau, ta gaji wannan duka. Bashin katin banki ko rance maras jingina yana fita daga hannun kotu in shekara shida ta wuce ba a biya ko kwabo ba, ba a amsa a rubuce ba, ba a kuma shigar da ƙara ba. Biyan fam ɗaya kafin cikar wa'adin yana mayar da lissafi farko, kuma wannan ne ya sa masu karɓar bashi ke lallashin mutum ya biya ɗan wani abu don nuna kyakkyawar niyya. In kuwa wa'adin ya riga ya cika, biya ko amsawa ba sa tayar da shi. Bashin yana nan a matsayin hakki, amma kotu ba za ta tilasta ba muddin wanda ake ƙara ya kawo wannan hujja da kansa. Wanda ya yi biris da sammaci yana iya wayar gari an yanke masa hukunci a bayan idonsa a kan bashin da wa'adinsa ya wuce. Uwar kuɗin bashin gida wa'adinta shekara 12 ne, haraji yana da tasa ƙa'ida, haka ma bashin da kotu ta riga ta yi hukunci a kansa. A Sikotilan wa'adin shekara biyar ne, kuma can bashin mutuwa yake yi gaba ɗaya.

Nauyin wasiƙar a yau

Idan aka ɗora wasiƙar barazana a kan wannan tarihi, nauyinta yakan ragu. Ma'aikacin kamfanin karɓar bashi ba belif ba ne, ba shi da ikon shiga gida ko taɓa kaya. Belif na gaskiya, a bashin kasuwa, ba ya zuwa sai an yi ƙara, an yi hukunci, an kasa biya, kotu ta ba da takardar izini. Ƙa'idojin da suka fara aiki a Afrilun 2014 sun wajabta masa aiko da sanarwa kwanaki kafin zuwansa, sun taƙaita ziyararsa tsakanin ƙarfe 6 na safe da 9 na dare, sun hana shi shiga in yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ne kaɗai a gida, sun kuma hana shi ɗaukar tufafi da gado da kayan girki da kayan sana'a har na fam 1,350. Hukuncin 1604 yana nan da ransa: a irin wannan bashi ba ya fasa ƙofar gidan zama a zuwan farko. Motar da ke waje kuwa ba ta da wannan kariya, kuma wanda ya buɗe masa ya sa hannu a jerin kaya ya ba shi damar dawowa da ƙarfi in aka saɓa alkawari.

Karayar arziki ita ma tana da matakai. Daga 1986 mai bin fam 750 yana iya neman a karya mutum, abin da ya mai da barazanar araha. A Oktoban 2015 aka ɗaga adadin zuwa fam 5,000. Mai nema yakan fara da takardar neman biya ta doka, wadda ke ba da kwana 21 a biya, da kwana 18 a nemi kotu ta soke ta in akwai jayayya ta gaskiya, kamar cikar wa'adi. Shi mai neman ne zai ajiye kuɗi masu kauri a kotu, kuma in an sayar da dukiyar zai raba da sauran masu bi, kamar yadda dokar 1542 ta tsara. Saboda haka barazanar ta fi zama gaskiya a kan mai gida ko wata kadara, kuma irin wannan mutum bai kamata ya ajiye takardar a aljihun tebur ba. Tun 2004 wanda aka karya yakan fita bayan shekara ɗaya, kuma tun Mayun 2021 mai neman shawarar masana bashi yana iya samun hutun kwana 60 da za a dakatar da kuɗin ruwa da matakan tilastawa.

Wannan tarihi ya taɓo Nijeriya ta hanyar mulkin mallaka. Dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila a ranar 1 ga Janairun 1900 sun shigo cikin dokokin ƙasar, ciki har da dokar wa'adi ta 1623, kafin jihohi su yi nasu masu wa'adi daban-daban. Belif ɗin da ke liƙa takarda a ƙofar shago a Kano ko Kaduna yana aiki ne da dokar zartar da hukunci ta 1945. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ko da yake har yanzu ana kai ƙarar bashi caji ofis. Manhajojin ba da rance da ke aika wa dangi da abokan aikin mutum saƙon tozarci, waɗanda hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta kai wa samame a Legas a 2022, sun koma ga dabarar gidan soso ne: a matsa wa mutum har danginsa su biya don kunya.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato sun daɗe da raba tsakanin mai hali da ya ƙi biya, wanda alƙali zai iya tsarewa, da wanda aka tabbatar ba shi da shi, wanda ake jira har ya samu. Dokar Ingila ta rubuta wannan bambanci a sarari a 1869, shekara 45 bayan an kulle John Dickens, kuma ta ƙara shekara ɗari kafin kotunanta su daina ɗaure talaka a kan bashin kanti. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na John Dickens bai rabu da shi ba: a 1834 an sake kama shi, aka kai shi gidan soso, kuma ɗansa Charles, wanda a lokacin ɗan jarida ne mai shekara 22, shi ya yi ta faɗi-tashin neman kuɗin da aka fanshe shi.